Harshen da Ya Fi na Kowa a Dunoolie

Duk wanda ya taɓa zama a mashayar kulob ɗin Dunoolie ya san Murray Tonkin, ko yana so ko ba ya so. Shekara talatin da ɗaya mutumin nan yana raba wasiƙu a garin ba a jin kansa, amma ranar da ya ajiye jakar gidan waya sai ya gano wata baiwa da ya ce tana kwance a bakinsa tun haihuwa. Wai a duk arewacin jihar Victoria babu harshen da ya kai nasa sanin giya. Ba wanda ya gaya masa haka fa. Shi ya gaya wa kansa, kuma nan take ya yarda.

Garin kuwa wuri ne da irin wannan cika baki ke da kasuwa, don kusan kowane gareji ka leƙa za ka tarar da durom ɗin giya tana tsima kusa da injin yankan ciyawa, maigidan na rantsuwa tasa ta fi ta maƙwabci. Murray ya roƙi fili a takardar labaran gari mai fitowa wata-wata, ya sa masa suna "Harshen Murray", ya shiga raba wa giyar mutane taurari kamar gadon ubansa. Giyar Vince mai kanti ya ce tana da "ƙamshin ruwan sama a kan tsohon sirdi", ya ba ta tauraro biyu. Vince ya yi kwana uku yana tambayar mutane ko zaginsa aka yi ko yabonsa.

Amma taurari ba su ne burinsa ba. Abin da ke ci masa rai shi ne farar rigar alƙalin giya, wadda ake sawa sau ɗaya a shekara, ranar bikin nunin amfanin gona. Shekara ashirin da biyu maƙwabcinsa tsoho Alby Petrakis ke sa rigar nan, Murray kuwa tun da ya yi ritaya yake kallonta yana haɗiyar yawu. Bana sai ciwon gaɓɓai ya kama babban yatsan ƙafar Alby, likita ya ce ko warin giya kada ya kuskura ya shaƙa.

Noeline, sakatariyar kwamitin biki, ita ta kawo rigar har gida a cikin leda. Mace ce da ba ta taɓa yin dariya kafin a gama taro ba. Ta miƙa ledar, amma ba ta sake ta ba.

"Murray, buɗe kunnenka. Aro ne wannan, ba kyauta ba. Alby ya ce ya gaji, in ka yi aikin lafiya rigar ta zama taka har ka mutu. In ka yi mana shirme, a gaban jama'a zan cire ta daga jikinka."

"Shirme? Ni? Haba Noeline! Ki kawo min giya a rufe min ido, in gaya miki gonar da aka noma sha'irinta da sunan karen mai gonar."

"Ba ruwana da kare. Kwalba talatin da shida ce, ka fitar mana da ta ɗaya kafin sha biyun rana, shi ke nan."

"A wane ɗaki?"

"Ɗakin baya, inda aka saba."

"Ɗakin baya!" Murray ya dafe ƙirji. "Wannan harshen za a kai ɗakin baya kusa da tsintsiya? A'a. Bana a kan dandamali za a yi, a tsakiyar zauren baje koli, da lasifika. Mutanen garin nan sun daɗe suna shan giya cikin jahilci."

Noeline ta dubi Glenys, matarsa, wadda ke tsaye a ƙofar kicin da tsumma a hannu. Glenys ta ɗaga kafaɗa.

"Kada ki dube ni. Ni ma aro na karɓe shi, ba wanda ya zo ya amsa."

Saura kwana goma biki, Murray ya shiga abin da ya kira horo. Ya samo wata 'yar takarda daga birni mai jerin ƙamshi da wari da alƙalan giya ke ambata, kuma gaskiya ne suna ambatarsu: ayaba, man shanu, ɗanyar ciyawa, jiƙaƙƙen kwali, bargon doki. Alƙalan kirki sun san waɗannan ne daga shekarun da suka yi suna ɗanɗana giya. Murray ya ce shi ba shi da lokacin wannan, zai je tushen abin kai tsaye.

Ya fara da gida. Ya hana albasa, ya hana tafarnuwa, ya ɗauke kwalbar turaren Glenys ya kai gareji.

"Turarena me ya yi maka?"

"Yana dushe min hanci. Ba ki san hanci shi ne rabin harshe ba?"

"To sabulun wanka fa?"

"Shi ma na daina."

"Na lura," in ji Glenys, ta ja kujerarta zuwa ɗaya ƙarshen teburin.

Ranar Talata da hantsi Vince ya fito bayan kantinsa zubar da shara, sai ya tarar da Murray durƙushe a cikin tarin kwalaye, ya kwara wa wani kwali ruwa, ya cusa kansa ciki har wuya yana jan numfashi. Vince ya tsaya ya yi kallo har ya ƙoshi.

"Mutumina, lafiya?"

Murya ta fito daga cikin kwali. "Aiki nake yi."

"Glenys ce ta kore ka?"

"Na ce aiki nake yi! Wannan kwalin na mene ne? Akwai wani abu a bayansa, kamar lemo."

"Na sabulun wanke masai ne."

Murray ya zaro kansa, ya rubuta a littafinsa, ya tafi ko sallama babu. Vince kuwa bai yi nauyin baki ba. Kafin la'asar rabin gari ya ji cewa Glenys ta fatattaki Murray, yanzu a kwali yake kwana. Matan coci biyu suka kawo tukunyar farfesun rago, suna magana ƙasa-ƙasa kamar gidan makoki. Glenys ta karɓa ta yi godiya, ba ta gyara musu labarin ba, don farfesun na da albasa. Ta cinye shi ita kaɗai a baranda, Murray na ciki yana tauna busasshen biskit.

Ranar Alhamis aka zo kan bargon doki. Alby na da wata tsohuwar goɗiya mai suna Beryl, mai ƙiba da baƙar zuciya. Mai hankali zai roƙi a ciro masa bargon ya shinshina a gefe. Murray ya ce a'a, ƙamshin gaske yana tsakanin bargo da fata. Ya tsallaka shinge, ya ɗaga gefen bargon, ya zura kai.

Alby na zaune a kujerarsa ƙarƙashin bishiya, ƙafa naɗe a kan bokiti. Da ya ga Beryl ta kwantar da kunnuwa sai ya ɗaga murya.

"Murray, me kake nema a hammatar goɗiyata?"

"Ilimi."

"To ilimin ya kusa taka ka."

Bai rufe baki ba Beryl ta matsa gefe, ta ɗora kofatonta a kan takalmin Murray, ta jingina da shi a jikin bangon barga kamar ta samu matashi. Murray ya yi ta ihu a cikin bargo, kowane ihu sai ya haɗiyi ƙurar ciyawa da gashin doki na shekara guda. Da ƙyar Alby ya lallashe ta da karas ta ɗaga. Murray ya fito yana ɗingishi, ido jawur, ya yi atishawa goma sha huɗu a jere.

"Na samu," ya ce yana share hawaye. "Yanzu ko a mafarki na ji shi zan gane."

"Madalla. To tunda ka zo, zauna in gaya maka abu ɗaya, kyauta. Kwalaben nan kada ka taɓa su. Suna ɗakin sanyi na kulob, a tsaye. Noeline ce ke kawo su da safe a cikin ƙanƙara, tana tuƙi kamar mai ɗauke da ƙwai. Giyar gida ba ta kamfani ba ce, da ranta. Yis ɗin da ke sa ta tsima na kwance a gindin kwalba, kuma rabin mutanen garin nan hannunsu na da nauyi wajen zuba sukari. Ka bar ta ta yi barcinta."

Murray ya yi murmushin tausayi. "Baba Alby, da girmanka, amma zamani ya wuce ka. Sanyi kashe ɗanɗano yake yi. Duk masana sun faɗa. Shekara ashirin da biyu kana yanke wa gawa hukunci."

"Haka ne?"

"Haka ne."

"To Allah ya ba da sa'a," in ji Alby. Ya juya ya ƙwala wa matarsa kira, ya ce ta nemo masa kujera a sahun gaba ranar Asabar, amma ba sahun gaba sosai ba.

Ranar Asabar Murray ya tashi hancinsa a toshe kamar an cusa masa auduga. Ƙurar Beryl ta yi aikinta. Ya shinshina kofi, babu komai. Ya shinshina takalminsa, wanda ko daga ƙofa Glenys ke jinsa, nan ma shiru. Ya san in maganar nan ta fita, rigar ta tafi tun bai sa ta ba.

Ya cusa man zafi a kowace ƙofar hanci. Ya ɓare alewar tari mai sanyin nan ya watsa shida a baki lokaci guda, ya zuba sauran a aljihu. Hancin bai buɗe ba, harshen kuma ya bi shi, ya mutu murus.

"Ka kira Noeline ka ce ba ka da lafiya," in ji Glenys. "Ba abin kunya ba ne."

"Lafiyata ƙalau."

"Ka shafa wa burodinka man goge takalmi."

Murray ya dubi burodin, ya ajiye shi a hankali. "Gwaji nake yi," ya ce, ya ɗauki makullin mota.

Tun kafin bakwai ya isa kulob, ya ce wa mai shara shi ne alƙali, a buɗe masa ɗakin sanyi. Ɗakin cike yake da kayan gasar bikin iri-iri da aka ajiye tun jiya. Ya kwashe kiret uku na giya, ya ga wata doguwar kwalba a gefe ita kaɗai, ya ce wani ne ya yi sakaci, ya haɗa da ita. Da ya zo lodi a bayan a-kori-kurarsa sai ya ga kiret ɗin na tsaye suna ƙara, don haka ya zare kwalaben ya kwantar da su a kan buhu, wai su huta.

Filin biki na da nisan kilomita bakwai ta kwalta. Ta hanyar gonar Alby kuwa huɗu ne, sai dai hanyar ƙasa ce mai gargada, irin wadda ke kwance wa mota ƙusa. Murray ya bi ta nan, a guje, don kada Noeline ta riga shi. Ya isa ya faka a tsakiyar fili inda babu ko inuwar sanda. Rana ta Fabrairu, watan tsananin zafi a can, ta fito da ƙarfinta. Ya shafa wata kwalba ya ji ta fara ɗumi, ya gyaɗa kai.

"Yauwa. Ku farka, 'ya'yana."

Noeline ta iso ƙarfe tara da kuloli cike da ƙanƙara, babu abin sawa a ciki. Ta same shi jingine da mota cikin farar riga, yana tsotsar alewa.

"Ina kwalabena?"

"Suna shan iska."

Ta taɓa ɗaya, ta janye hannu. "Murray, wannan ai ta isa a haɗa wa jariri madara."

"Haka ake yi a birni."

"A wane birnin?"

"Ke dai ki zuba ido."

"Zan zuba," in ji ta. "Sha biyu, Murray. Ko minti ɗaya ba zan ƙara maka ba."

Sha ɗaya saura kwata zauren ya cika maƙil. An kafa masa teburi a kan dandamali kamar yadda ya nema. A damansa teburin gasar kek ne, guda ashirin da wani abu, an yi musu ado da kirim, masu su na zaune a baya da huluna suna harare-hararen juna. A hagunsa an rataye barguna na ɗinkin hannu, wasu shekara biyu aka yi ana ɗinka su. Fanka uku na juyawa a sama. Masu giya sun jeru a gaba, kowa ya harɗe hannu. Alby na sahu na huɗu, ya ɗora ƙafa a kan kujera, da lema a cinyarsa.

Murray ya buga abin magana da yatsa.

"Jama'ar Dunoolie, yau za ku ga bambancin mai sha da mai sani. Kowa na da baki, amma ba kowa ke da harshe ba. Kwalba ta ɗaya!"

Ya sa mabuɗi. Murfin ya tashi da ƙara kamar an harba bindiga, giyar ta bi bayansa a miƙe, ta wuce kan Murray, ta daki silin, ta dawo masa a ka. Kafin ya kai kofi bakin kwalbar, ba abin da ya rage sai laka a gindi.

Alby ya buɗe lemarsa.

"Wannan," in ji Murray, kumfa na zuba daga girarsa, "ita muke kira giya mai kuzari. Sai dai mai ita ya cika mata sukari. Kwalba ta biyu!"

Ta biyu ya danne bakinta da babban yatsa, wai dabara. Sai ta fita ta gefe, ta yi feshi ta wanke sahun gaba daga wannan bango zuwa wancan. Ta uku ya juya ta gefe don ya kare jama'a, ta sauka a kan bargon da ya ci na ɗaya bara. Ta huɗu ya ɗaga ta sama, ta sami fanka, fanka kuwa ta yi adalci, ta raba wa kowane kek rabonsa.

Nan mata masu huluna suka miƙe.

"Kek ɗina! Ƙwai goma sha biyu!"

"Ku riƙe shi mana! Wa ya ba wannan mutumin mabuɗi?"

"Glenys, ki yi wa mijinki magana!"

"Ban san shi ba," in ji Glenys daga bayan zaure. "A kwali yake kwana."

Vince ya hau kan kujera. "Kai Murray! Ta bakwai tawa ce, na san murfina! Wata shida ina renonta, in ka buɗe ta a haka sai na..."

Fau! Ta bakwai ta tafi silin.

"Tauraro biyu," in ji Murray, yana lasar abin da ya ɗiga a hannun rigarsa. "Kamar bara. Ba ka ci gaba ba, Vince."

Mutum biyu suka riƙe Vince.

Mai hankali zai tsaya a nan, ya nemi ƙanƙara, ya roƙi a ɗaga gasar zuwa yamma. Amma Murray ya dubi agogon bango ya ga sha ɗaya da rabi ta gota, ya dubi Noeline ya ga ita ma agogon take kallo. Kofi ɗaya kawai yake bukata, kofi ɗaya cikakke da zai ɗaga ya ce ga ta ɗaya. Sai ya shiga buɗe su bi da bi, kamar mai neman makulli a aljihu. Ya gwada buɗewa a hankali, ta yi tsaki sannan ta fashe da kuka. Ya gwada kifa bokiti a kai, bokitin ya cika da kumfa ya gangaro. Ya gwada kafa baki a kan ta ashirin da biyu, giyar ta fito masa ta hanci, kuma ko wannan bai buɗe hancin ba. Abin magana ya jiƙe ya fara kuwwa. Wani kare ya shigo yana lasar ƙasa, ya fita yana tangaɗi. Masu giya kowa na kallon wahalarsa ta watanni tana ɗiga daga silin, wasu na zagi, wasu sun gaji sun koma dariya.

"Murray," Alby ya ɗaga murya daga ƙarƙashin lema, "gawar ta farka ko?"

Farar rigar ta koma ruwan ƙasa, ta manne masa a jiki. Saura minti shida. Saura kwalba ɗaya, doguwar nan da ya tsinto a gefe. Ya runtse ido, ya kau da kai, ya sa mabuɗi.

Murfin ya faɗo a kan teburi, ƙil. Ba ƙara, ba kumfa.

Wayyo, daɗin da Murray ya ji! Ya tsiyaya ta a kofi, ta sauko baƙa wuluk, a natse, har kofin ya cika. Ya ɗaga shi sama kowa ya gani.

"Kun gani? Kun gani ko? Laifin ba nawa ba ne, na masu zuba sukari da shebur ne! Ga wanda ya san aikinsa. Ku dubi baƙin nan. Babu kumfa, irin ta tsofaffin Turawan Ingila ke nan, ba ta bukatar hayaniya."

Ya kai hanci ya ja dogon numfashi. Bai ji komai ba, ko ɗis.

"Bargon doki," ya ce da ƙarfin gwiwa. "Kaɗan, daidai misali. Da ɗan jiƙaƙƙen kwali a can baya, amma na kirki."

Ya kurɓa. Duk da alewa goma sha tara da ya tsotsa, wani abu ya ratsa ya kama shi a maƙogwaro. Idonsa ya kawo ruwa, kunnuwansa suka ɗau zafi. Sai ya tuna ya karanta cewa yanzu samarin birni na yayin giya mai tsami da gishiri, har layi suke yi a kanta. Ashe irinta ce! Kuma a Dunoolie!

"Tsami!" ya ce da shaƙaƙƙiyar murya. "Gishiri! Har da ɗan yaji a ƙarshe! Jama'a, ku ba za ku gane wannan ba, sai nan da shekara goma. Wannan ita ce giyar gobe. Shekarata shida ina rubutu ban taɓa ba da tauraro biyar ba. Yau na bayar. Ga ta ɗaya!"

Ya fizgo shuɗin ƙyallen na ɗaya ya ɗaura a wuyan kwalbar. Agogo ya nuna sha biyu saura minti biyu. Ya dubi Noeline yana haki, yana murmushi.

Noeline ta duba takardarta, ta juya bayanta, ta sake dubawa. "Kwalba talatin da shida aka shigar. Na ƙirga talatin da shida a silin. Wannan ta wace ce?"

Can gefen teburin kek wata 'yar tsohuwa ta miƙe da sanda. Iya Dulcie ce, shekararta tamanin da uku, mai kaɗa molon coci, wadda tun tana budurwa ta yi alkawari a gaban fasto giya ba za ta taɓa leɓenta ba, kuma ba ta taɓa ba. Ta tako a hankali tana kewaye tafkunan kumfa, ta gyara tabarau, ta leƙa gindin kwalbar.

"Ai kuwa tawa ce. Tun safe nake nemanta, har na zargi mai shara."

A Dunoolie ba a yar da kwalbar giya. Mata na wanke ta su zuba duk abin da suka dafa na ajiya, su buga mata murfi da injin mazansu.

"Iya," in ji Noeline, "mene ne a ciki?"

"Ruwan yajina ne na ɗiga wa gasasshen nama. Ruwan kal mai tsami, tafarnuwa kai shida, kanumfari, barkono, baƙin maɗi, da ɗan kifin gwangwani don ya yi ƙarfi. Cokali ɗaya ake sawa, 'yar nan. Mutum huɗu."

Dariyar da ta tashi sai da ta fi ƙarar kwalaben. Vince ya zame daga kan kujera ya zauna a cikin kumfa yana dukan ƙasa. Matan kek, da hawayen takaici a fuska, suka rungumi juna suna ƙyaƙyatawa. Alby ya manta da yatsansa ya buga ƙafa, ya yi ihu, ya ci gaba da dariya.

Murray ya yi ta maza. "Na sani mana! Gwada ku nake yi! Iya, kawo ƙyallen, kuskuren rajista ne."

Iya Dulcie ta rungume kwalbar a ƙirji. "Ɗan nan, shekara arba'in da ɗaya ina shigar da ruwan yajin nan gasa, ban taɓa wuce na uku ba. Yau alƙali ya ce na ɗaya, a lasifika, gaban fasto. Sai dai ka zo ka ƙwata."

"To ai hukunci bai cika ba tukuna," in ji Alby yana share ido. "Noeline, tuna masa al'ada."

Al'ada kuwa kowa ya san ta, har Murray. Alƙalin giya ba ya tofarwa kamar masu ɗanɗana ruwan inabi, haɗiyewa yake yi. Kuma a Dunoolie, kofin da ya ci gasa alƙali kan shanye shi tas a gaban jama'a, ya kife shi a kan teburi. In bai shanye ba, bai yi hukunci ba, in bai yi hukunci ba kafin sha biyu, ya san sauran.

Murray ya dubi kofin. Cike yake, kurɓa ɗaya kawai ya rage masa. Ya dubi agogo, saura minti ɗaya. Ya shafa rigar da ke manne a ƙirjinsa, jiƙaƙƙiya, mai ɗoyi, amma dai har yanzu a jikinsa take.

"Sha! Sha! Sha!" zauren ya ɗauka.

Ya ɗaga ya kafa kai. Rabon mutum ɗari na ruwan yajin Iya Dulcie ya bi ta maƙogwaronsa. A tsakiyar kofin hancinsa ya buɗe fau, duka ƙofofin biyu, ya ji komai a lokaci guda, tafarnuwa da kifi da kanumfari da warin zauren gaba ɗaya. Amma bai tsaya ba. Ya shanye, ya kife kofin, ya dafa teburi da hannu biyu, gumi na tsiyaya. Agogo ya buga sha biyu.

Noeline ta hau dandamali, ta karɓi abin magana ta girgiza shi ruwa ya fita.

"An yi hukunci a kan lokaci, wannan ba musu. Saura maganar kek ashirin da uku, bargo huɗu da silin. Kwamiti na ganin a karɓi rigar. Amma dokarmu ta ce sai an ji ta bakin mutum. Murray, in kana da abin cewa, ga lasifika. Kalma ɗaya ta isa mu zauna mu saurare ka."

Ta kai masa abin maganar har leɓe. Murray na da abin cewa, yana da shi da yawa, har ya tsara shi a ka. Ya buɗe baki. Leɓunansa suka motsa, jijiyoyin wuyansa suka tashi. Abin da lasifika ta kai wa jama'ar Dunoolie wani ɗan siririn fito ne, kamar na buta ta kusa tafasa.

Noeline ta jira. Ta ba shi daƙiƙa goma cif, tana kallon agogon hannunta.

"Bai ce komai ba," ta ce. "A rubuta ya amince. Ɗaga hannuwanka, Murray."

Ya ɗaga. Ta zare rigar ta kansa, ta matse ta a cikin bokiti, ta miƙa masa tsumman goge ƙasa.